Idon Haruna da Kifin Roba

Na san abin da ake faɗa muku a Yawuri game da ni da Baffanku Haruna. Ana cewa ni na kai shi Doha da hannuna, ni kuma na sa aka kore shi, wai don ya fara samun rufin asiri na ji baƙin ciki. Duk shekarun nan ban buɗe baki na kare kaina ba, domin yana raye, maganar kuma tasa ce kafin ta zama tawa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara yi mini gardama idan na zo hawa matakala, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro. Rabin abin da kuke ji ƙarya ne. Ɗaya rabin gaskiya ne, har ma ya fi yadda ake faɗarsa nauyi, sai dai ba a inda mutane suke nuna yatsa laifina yake ba.

Kun san mu Sarkawa ne, a cikin kwale-kwale muka buɗe ido. Amma ni ruwa bai karɓe ni ba. Kakanku yakan ce idan aka ba ni fatsa, kafin kifi ya gama shawarar ko zai ci, ni na riga na fizge na koma gida. Haruna kuwa, da na girme shi da shekara huɗu, yana iya zama tun hantsi har la'asar da zare a yatsa bai motsa ba, sai ka rantse barci yake yi, can sai ka ga ya ɗago giwan ruwa. Ni na gudu na kama tuƙi, daga motar kaya zuwa motar haya, har Allah ya jefa ni Doha na zama direban gidan wani dattijo Balarabe da ake kira Abu Rashid, wanda shi ne kafil ɗina, wato wanda takardun zamana suke hannunsa. Haruna ya tsaya a ruwa har kifin ya fara ja da baya, gidansa kuma yana ta ƙaruwa. Da ya koyi tuƙi, na yi ta fafutuka har na samo masa aiki a wani kamfani mai jigilar yaran makaranta. Ranar da ya sauka Doha, Innarmu ta kira ni a waya ta ce, “Umaru, na ba ka amanar ƙaninka.” Na ce na karɓa, ban ko tsaya na auna nauyinta ba.

Shi yana kwana a Sanaiya, unguwar garejoji da rumbunan kaya, su shida a ɗaki, gado kan gado. Ni ina ɗakin direba a gidan kafil ɗina. Ranar Juma'a kaɗai muke haɗuwa, ita ce ranar hutunmu.

Abu Rashid ya yi ritaya tun kafin in zo gidansa, ba shi da abin da yake so a duniya kamar su, wato kamun kifi. Duk Juma'a bayan sallar asuba ni nake kai shi bakin duwatsun teku wajen Wakra. Ranar farko da ya buɗe akwatinsa na leƙa, sai da na juya baya don kada ya ga dariyata. Babu tana, babu ƙaramin kifi, babu komai na ci. Wasu kifayen roba ne masu launi kamar kayan wasan yara, kowanne da ƙugiyoyi masu baki uku-uku suna reto a cikinsa. Ya ce lokacin da yake karatu a Amurka ya koya, can ana kama wani kifin tafki da su mai suna bas, da ya dawo gida kuma ya tarar kifin teku ma bai fi shi wayo ba. Irin da ya fi so ba ya nutsewa, a saman ruwa yake yawo. Wani bakinsa a buɗe yake kamar ƙoƙo, idan ka ɗan girgiza sandar sai ya yi ƙara yana watsa ruwa. Wani siriri ne, yana tafiya dama da hagu kamar kifin da aka ji wa ciwo. Na ce a raina, ni ɗan Sarkawa, yau roba za a koya mini. Ashe ni ne kifin rijiya.

Da Larabci da ɗan Turanci da nuni da hannu ya koyar da ni, ni kuma ga yadda na fahimta. Ka zo da sassafe ko gab da magariba, lokacin da ruwa yake kwance, domin idan iska ta tashi kifi ba ya ganin abin da ke samansa. Ka jefa kusa da dutse ko inda ka ga ƙananan kifaye suna tsalle. Idan ya faɗa, kada ka taɓa shi, ka bari da'irar da ya yi a ruwa ta ɓace tukuna. Sannan ka girgiza sau biyu ko uku, ka tsaya, ka sake girgizawa, don yawancin kifi a wannan tsayawar yake kawo hari. Kada ka ɓata lokaci wajen zaɓen launin bayansa, kifi daga ƙasa yake kallo, ciki kaɗai yake gani. Idan kuma ya kawo hari ya kuskure, kada ka ɗauke, ka dakata kaɗan ka ci gaba, zai dawo. Sai babbar dokar, wadda ya maimaita mini har na haddace yadda yake ɗaga yatsa.

“Ya Umar, idan ka ga ruwa ya fashe, kada ka ja. Idonka zai ce ja, kada ka saurare shi. Sai ka ji nauyi a hannunka, sannan ka ja.”

Faɗa da baki ba wuya. Ku da ba ku taɓa gani ba, ba za ku gane ba. Ruwa shiru, rana ba ta gama fitowa ba, kifin robarka yana ta 'yar rawarsa, kwatsam sai ruwan ya tsage, wani dogon kifi mai haƙora da suke kira jid, ɗan'uwan tsagen koginmu, ya taso da baki buɗe. Kafin zuciyata ta dawo wurinta hannuna ya riga ya fizge. Kifin roba ya taso sama da ƙugiyoyinsa ya wuce ta gefen kunnena, jid kuma ya tafi da bakinsa babu komai. Haka na yi wata uku. Sau ɗaya ma hular Abu Rashid na kamo. Dattijon ya cire ƙugiyar a hankali ya ce yau dai na kama babba, amma ba a cinsa. Daga ranar ya sa na danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya, ya ce mai koyo jikin mutane ya fi kamawa.

Da Haruna ya yi kamar shekara biyu a Doha, na lura ya rage magana, ya rame, kullum da gorar ruwa a hannu. Na ɗauka kewar gida ce da zaman Sanaiya. Na roƙi Abu Rashid ya bari in riƙa ɗauko shi, ya ce yalla, wato mu je, mota ai ba ta cika ba. Ranar farko Haruna ya juya kifin robar a hannunsa, ya shafa cikinsa da ƙugiyoyinsa, ya ce in ɗaura masa, wai bai saba da zare siriri haka ba. Na ɗaura, na karanta masa dokokin da ni kaina na kasa bi. Ya jefa. A jifa na huɗu ruwa ya fashe, ni da nake gefe har na zabura, shi kuwa ko gezau. Sai da sandar ta lanƙwasa sannan ya ɗaga hannu a hankali, kifi ya kamu. Ranar guda biyar ya kama, bai kuskure ko ɗaya ba. Abu Rashid ya riƙe baki.

“Shekara talatin ina wannan abu, har yau wani lokaci idona yana rinjayata. Ɗan'uwanka wane irin mutum ne?”

Na ce ai jini ne, shi ya gaji mahaifinmu. Na faɗa ina alfahari, amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin alfaharin akwai ɗan ƙaiƙayi. Wata uku ina shan dariya, ƙanina ya zo rana ɗaya ya zama malami. Idan akwai baƙin cikin da na taɓa yi wa Haruna a rayuwata to wannan ne, kuma bai wuce na kifi ba. Mun yi wata biyar muna zuwa, su ne watanni mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Mukan raba kifin, ya kai nasa Sanaiya su dafa da mutanen ɗakinsu, ya aika wa Inna saƙon murya yana tsokanata cewa Yaya har yanzu iska yake kamawa. Duk tsawon lokacin ni nake ɗaura masa zare, ni nake karanta masa saƙo idan rubutacce ne, wai hasken waya yana sa shi ciwon kai. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Wata Juma'a da sanyi ya fara shigowa, Abu Rashid ya yi nisa da mu can ƙarshen duwatsu. Ruwan ranar ya kwanta sosai har kana hango ƙasansa. Haruna ya jefa, yana jawowa a hankali, sai ga wani jid da ban taɓa ganin irinsa ba, ya kai tsawon hannuna biyu a buɗe, ya biyo kifin robar. Ya taso ya kuskure, ruwa ya yi tudu. Ko mai koyon jiya ya san a nan ake dakatawa. Haruna bai dakata ba. Kifin ya sake tasowa, ya sake, har bayansa ya fito fili, bai fi taku goma sha biyar daga inda muke ba. Na ce, “Dakata, ga shi nan!” Ya ce, “Ina?” Ya juya kansa yana duban wani wuri daban, sannan ya ɗauke kifin robarsa daga ruwa, jid ɗin yana kwance a gabansa kamar turmi.

Na juya na dubi idonsa. A take duk wata biyar ɗin nan suka dawo mini. Bai taɓa fizgewa da wuri ba domin bai taɓa ganin ruwa ya fashe ba, sai dai ya ji ƙara, ya jira hannunsa ya gaya masa. Na buɗe akwati na ɗauko kifin roba mai jan kai, na ja da baya taku goma na ɗaga.

“Haruna, wanne ne wannan?”

Ya ƙanƙance ido, ya yi murmushi. “Yaya, wasa za mu yi ko su?”

“Wanne ne?”

“Farin nan ne mai buɗaɗɗen baki.”

Na dawo na sa masa shi a tafin hannu. Ya kawo shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan dutse. Ya ce ya kusa shekara da farawa. Manyan abubuwa yana ganinsu, mota da gini da fitilar hanya, amma tsakiyar abin da ya kalla kamar an shafa masa man shanu. Ya ce hanyarsa ɗaya ce kullum, ya haddace ta, ya san kowane shataletale da kowane tudun rage gudu, kuma akwai wata mata mai kula da yara a motar, ita take cewa an gama hawa ko an gama sauka.

“Yara nawa kake ɗauka?”

“Ashirin da shida.”

“Haruna, ka ji tsoron Allah.”

“Ina jin sa, Yaya. Ina kuma jin tsoron komawa Yawuri hannu rabbana. Bakuna tara ne a gidana, ban da Inna. Kogin da zan koma wa ma ka san yadda ya zama.”

Na ce dole a faɗa wa kamfani. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara, ya ce in rufa masa asiri, in ba shi mako guda, zuwa Juma'a mai zuwa zai san yadda zai yi da kansa. Kun san a wurinmu babu abin da ya fi tona asirin ɗan'uwa muni, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce na ba shi zuwa Juma'a. Ya ce in yi alkawari. Na yi, a bakin ruwa, ranar Juma'a, da alwalata.

Asabar da Lahadi da Litinin ban san yadda na yi su ba. Duk motar makaranta mai ruwan ɗorawa da na gani a hanya sai in bi ta da ido. Ranar Talata da safe, bayan na sauke jikokin Abu Rashid a tasu makarantar, sai na tarar da kaina na bi ta makarantar da Haruna yake kai yara. Na tsaya daga nesa. Ya iso lafiya, ya tsaya daidai, yara suka sauka, har na fara sakin numfashi. Sai wata 'yar ƙarama, ba ta fi shekara biyar ba, gorar ruwanta ta suɓuce ta gangara gaban motar. Ta bi ta, ta sunkuya. Motar ta fara motsi. Matar nan mai kula da yara ta ƙwalla ihu daga bakin ƙofa, Haruna ya taka birki. Babu abin da ya faru. Yarinyar ta ɗauki gorarta ta ruga, wataƙila har ta girma ba ta san komai ba. Direba mai lafiyayyen ido ma yana iya kasa ganin yaro a wannan wurin, na sani, ni direba ne. Amma ni abin da na gani shi ne ihun ya tsayar da shi, kuma ba kullum ake samun mai ihu ba.

Daga nan ban kira shi ba, ban je wurin Abu Rashid neman shawara ba, ban ko tsaya na yi raka'a biyu ba. Kai tsaye na wuce Sanaiya, ofishin kamfanin, na nemi mudir, wato manajansu. Na gaya masa ni yayan direbansu ne, ƙanina ba ya gani sosai. Mutumin ya saurare ni, ya tambayi tun yaushe, ni kuma da bakina na ce ya kusa shekara. Kafin azahar sun aika wani direba ya karɓi motar. Washegari aka kai shi gwaji, likita ya ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har ya taɓa jijiyar ido. Na koma wurin mudir ina roƙo a ba shi ko aikin gadi ne ko na rumbun kaya. Ya girgiza kai.

“Da shi ya zo da ƙafarsa ya faɗa, akwai wurin da zan sa shi, mun taɓa yi wa wani. Amma yanzu a rubuce yake cewa ya ɓoye shekara guda yana ɗaukar yara, kuma wani ne ya kawo ƙara. Halas, magana ta ƙare, ba ni da yadda zan yi.”

Ban ga laifinsa ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba.

Ranar da zai tafi na je Sanaiya da hantsi in taya shi haɗa kaya. Mutanen ɗakin suka fice ɗaya bayan ɗaya suka bar mu. Bai ɗaga murya ba, kun san shi. Ya gama ɗaure jakarsa, sannan ya zura hannu a aljihun gaban riga ya fito da wata 'yar takarda ya miƙo mini.

“Karanta mini, Yaya, tun da kai ne mai ido.”

Takardar ganin likitan ido ce, da sunansa, ranar Alhamis da yamma. A ƙasa an rubuta ranar da aka karɓe ta, Lahadi ce, kwana biyu bayan maganarmu. Ya ce wani likita ɗan Zariya da suke haɗuwa a masallacin Juma'a ne ya samo masa. Shirinsa shi ne ya karɓi takardar likita ranar Alhamis, ya kai wa mudir da hannunsa, ya roƙi a sauya masa aiki. Har ya nemi wani abokin aikinsa ya karɓar masa motar Laraba da Alhamis, sun yi magana, saura ya sanar da ofis.

“Kwana biyu ya rage, Yaya. Ka ce Juma'a.”

Na buɗe baki in ba shi labarin yarinyar da gorarta, sai na ga ba shi da amfani, ai yana wurin, ya fi ni sani. Ni na kai shi filin jirgi. Muka bi ta titin bakin ruwa da ake kira Corniche, jiragen katako suna ɗaure a gefen teku, ya juya fuskarsa wajen taga har muka isa. Da zai shiga na miƙa masa hannu, ya karɓa don mutane suna kallo.

Da ya isa gida ya ce Yaya ne ya kai ƙararsa aka kore shi. Gaskiya ya faɗa. Maganar ido ce bai faɗa ba, kunya ta hana shi, mutane kuma suka cike gurbin da abin da ya fi musu daɗin faɗa. Da idon ya ƙarasa tafiya bayan shekara uku, sai aka ce baƙin cikin abin da na yi masa ne ya tayar masa da ciwon. Inna ta kira ni sau ɗaya a kan maganar. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Umaru, amanar da na ba ka ke nan?” Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta ji, ta kashe wayar. Har ta rasu tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka, amma ba ta ƙara tsokanata ba, ita da ba ta iya gama waya ba ta ce mini mai kama iska ba. Ku kuna ƙanana lokacin, abin da kuka sani shi ne ranar sallah ana kai ku kowane gida ban da gidan Baffanku. Mahaifiyarku ta sha roƙona in fito in faɗi gaskiya. Na ƙi, don na riga na tona masa asiri sau ɗaya. Duk abin da na aika gidansa ta hannun matarsa Hajara yake bi, da sharaɗin kada ya sani, ko da yake ina zaton ya sani.

Abu Rashid, da na ba shi labari, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya dai tambaye ni me ya hana ni zuwa wurin Haruna ranar Talatar in karɓe makullin motar da hannuna, in ce ya kwanta ciwo har Alhamis. Wallahi sai a lokacin na ga wannan hanyar, ga ta a fili, ko yaro zai gan ta. Na ci gaba da kai shi bakin duwatsu har ƙarfinsa ya ƙare, amma ni a mota nake zama.

Sai da aka yi shekara takwas sannan na iya taka ƙofar gidansa. Na zo hutu, na tafi da la'asar ni kaɗai. Na same shi a zaure a kan tabarma, an jibge masa taru a gaba yana gyarawa da lalube, don da wannan yake ɗan samun na cefane, masunta suna kawo masa. Ya tsufa fiye da ni. Na yi sallama, ya gane muryata, hannunsa ya tsaya kaɗan sannan ya ci gaba. Muka gaisa kamar baƙi, ya tambayi iyali, na tambayi jiki. Sai na ce gafara na zo nema.

“Ta wanne, Yaya? Ta faɗar, ko ta ranar?”

Na ce ta ranar.

“Da ka ce ta faɗar da na tashi na bar maka zauren. Faɗar ai dole ce, ni ma ita zan yi. Yaran mutane ne. Wannan ban taɓa riƙe ka da ita ba.” Ya ja zare ya ƙulla, ya ciza da haƙori. “Ranar ce. Ka dube ni a bakin ruwa ka ce Juma'a, sannan ka ga ban isa a jira ni ba. Har yau idan na tuna sai in ji ta nan.” Ya dafa ƙirjinsa.

Na ce na sani, ba ni da hujja. Hawaye suna zuba a gemuna, na gode wa Allah da ba ya gani, sannan na ji kunyar wannan godiyar.

Ya ce, “Ba zan ce maka na yafe da baki ba alhali zuciya ba ta kai ba, ka san ba na haka. Amma tana hanya. Ka ba ni lokaci.”

Na ce ya ɗauki duk lokacin da yake so. Ya sa aka kawo mini fura, muka sha a ƙwarya ɗaya, ya tambaye ni ko dattijon nan yana raye, na ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Da zan tafi ya ce in gaishe ku, ya ce a riƙa kawo ku. Shi ya sa kuka ga daga shekarar an fara kai ku gidansa.

Na koma Doha. Ban kira shi na tambaya ba, ban aika kowa ya tuna masa ba, ko da mukan gaisa a waya ba na taɓo maganar. Bayan wata huɗu, wata Laraba da safe ina wanke mota, aka kira ni aka ce Haruna ya cika. Ban samu jana'iza ba. Da na zo gaisuwa, bayan mutane sun ragu, na keɓe Hajara na tambaye ta ko ya bar mini wani saƙo. Ta yi tunani sosai, don mace ce da ba ta ƙarya ko don ta faranta wa mutum rai. Sannan ta ce bai bari ba.

To, kun ji yadda aka yi. Idan kun je Yawuri aka tayar da maganar, kada ku yi faɗa da kowa a kaina, kada kuma ku ce ubanku ba shi da laifi. Ku ce bai yi baƙin ciki da ƙaninsa ba, amma ya yi masa alkawari ya saɓa. Allah ya jiƙan Haruna, ya ba shi hasken da ya fi wanda ya rasa. Ku kuma ku kai wa 'ya'yansa wannan takardar su karanta, sannan ku roƙa mini a wurinsu abin da ubansu bai kai ga ba ni ba.